Tayoyin China huɗu ko na babban kamfani biyu? Amsa ga mai bin hanyar Makka zuwa Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani daga cikinmu ya kawo tambaya a zauren nan. A Makka yake zaune, a Jidda yake aiki, kullum yana kan hanya da Camry ɗinsa, wani lokacin kuma ya kwashi iyali su tafi ziyara Madina. Tayoyinsa sun fara suɗewa, kuɗin hannunsa kuma ɗayan uku za su iya yi masa: ko ya sa huɗu sababbi 'yan China, ko ya sa biyu na babban kamfani irin su Michelin ko Bridgestone ya bar tsofaffi biyu, ko ya karɓi huɗu na hannu masu babban suna da wani mai banshar, wato mai shagon gyaran taya, ya ce zai samo masa da araha. Wanne ya fi?

Malam, na ukun nan mu fara kawar da shi. Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta hana sayar da tayoyin da aka yi amfani da su, shi ya sa ma ba ka ganin su a fili, sai a ce maka "zan samo maka". Ko da babu doka, ban yarda ka ɗora iyalinka a kansu ba. Zane kaɗai idonka zai gani. Ba za ka ga ko tayar ta taɓa dukan gefen titi wayar cikinta ta tsinke ba, ko an taɓa tafiya da ita babu iska har bangon cikinta ya ƙone, ko an yi mata faci a gefe, wurin da ba a yin faci. Akwai ma masu sake sassaƙa zanen suɗaɗɗiyar taya ta fito kamar mai sauran rai. Sunan Michelin a jikinta ba ya mayar mata da abin da rana da kwalta suka riga suka cinye. Wanda aka yi wa irin wannan ha'inci yana iya kai ƙara Ma'aikatar ta lambar waya 1900.

Saura biyu ke nan, kuma kafin a auna su sai a san abin da ke kashe taya a nan. A gida ramuka da ƙusoshi ne. A nan titi sumul yake, zafi da gudu ne ke yin ɓarnar. A lokacin Hajjin 2024 an auna zafin da ya haura digiri 51 a Harami, kwaltar da ta wuni a rana kuwa ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Daga 2018 an ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a wasu manyan hanyoyi, har da ta Makka zuwa Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400. Duk juyin da taya ta yi sai gefenta ya lanƙwashe ya miƙe, wannan lanƙwasa tana haifar da zafi a cikin robar, ga na kwalta daga ƙasa. In zafin ya wuce kima, robar waje ta fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Gutsattsarin baƙar roba da kake gani a gefen Ɗariƙul Hijra, wato babbar hanyar Makka zuwa Madina, yawanci daga nan suke.

To a wannan fage wa ya fi? Kada ka tambayi mai shago, tayar da kanta za ta gaya maka. A gefenta akwai kalmar TEMPERATURE da harafi A, B ko C. Ma'auni ne na jure zafi a ɗakin gwaji: A ta jure gudun da ya haura kilomita 185 a awa, B tsakanin 160 da 185, C ƙasa da haka. Ga mai bin hanyar da kake bi, A za ka nema. Manyan kamfanoni suna da A da yawa, amma suna da B ma, kuma akwai 'yan China masu A. Saboda haka kalmar "China" ita kaɗai ba hukunci ba ce. Linglong da Sailun da Triangle manyan masana'antu ne da ake sayar da kayansu a ƙasashe da dama, ba ɗaya suke da tayar da ba wanda ya taɓa jin sunanta ba. Kamfanin Kumho na Koriya ta Kudu ma tun 2018 yake hannun Doublestar na China, kuma Michelin da Bridgestone suna da masana'antu a China da Tailan. Inda babban kamfani ya yi zarra shi ne daidaito. Tayarsu ta yau da ta baɗi kusan abu ɗaya ce, haɗin robarsu kuma ya fi daɗewa bai ƙeƙashe ba. A cikin masu araha kuwa tazarar da ke tsakanin mai kyau da marar kyau tana da faɗi ƙwarai, sai ka buɗe ido.

Babban suna ma ba laya ba ne. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda suna ɓarewa a kan gudu, akasari a jikin motar Ford Explorer, an kuma yi asarar rayuka da yawa. Saudiyya na cikin wuraren da matsalar ta fara bayyana, domin tun 1999 Ford ya fara canza wa masu motar tayoyi a nan. Cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kansu har da iska: Ford ya ce a sa 26 a ma'aunin PSI na gejin iska, Firestone daga baya ya ce 30 ya kamata. Zafi, gudu, ƙarancin iska, su ukun nan in sun haɗu ba sa duba sunan kamfani.

Yanzu ga abin da ya sa shawarar "biyu masu tsada" take ba ni tsoro. Tambayar ba ta tsaya kan biyun da za ka saya ba, tana kan biyun da za ka bari. Duba gefensu, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye, kuma zafi yana gaggauta tsufan. Michelin da kansa ya ce daga shekara 5 a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai ci ba, wasu kamfanonin mota kuma shekara 6 suke cewa. Wannan lissafi ne na duniya baki ɗaya. Motar da ke wuni a rana a Makka, ni a ganina, in tayarta ta shiga shekara ta huɗu zuwa ta biyar, ko ka ga ƙananan tsaga a gefe da cikin ramin zanen, ta gama aikinta. In haka biyun naka suke, sababbin Michelin biyu ba su kare ka daga komai ba, domin wadda za ta fashe tana nan a jikin motar. Ta wannan fuskar huɗu sababbi masu A sun fi biyu masu tsada da biyu masu jiran rana.

In kuwa ka duba ka ga shekararsu biyu ce, zanensu da saura, babu tsaga babu kumburi, lissafin ya juya, biyu na babban kamfani sun fi. Sai dai a sa sababbin a baya, ko da Camry da gaba take ja. Na san yawancin masu banshar gaba suke sawa, suna cewa can injin yake, can sitiyari yake. Amma in gaba ya zame direba yana ji a hannunsa, ya sassauta ya gyara. In baya ya zame motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. Kamfanonin taya da kansu baya suke cewa.

Wannan ya kawo mu ruwan sama, wanda mutanenmu ke rainawa don ba kullum ake yin sa ba. Mazauna Jidda ba su manta da ambaliyar Nuwamba 2009 ba, ko ta ranar 24 ga Nuwamba 2022 da aka zuba milimita 179 cikin awa shida a kudancin birnin. Ba ma sai irin wannan ba. Yayyafin farko bayan watanni na fari ya fi komai santsi, saboda ƙura da man da suka taru a kwalta sun jiƙe sun zama kamar sabulu. Aikin ramukan zanen taya shi ne korar ruwa daga ƙarƙashinta. In ramin ya yi ƙasa ko gudu ya yi yawa, tayar ta hau kan ruwan, burki da sitiyari duk su daina jin magana. A nan ne bambancin mai tsada da mai araha ya fi fitowa. A busasshen titi cikin gari, daga danja zuwa danja, da wuya ka bambance su. A jiƙaƙƙen titi gwaje-gwajen ƙungiyoyin direbobi na Turai sun sha nuna cewa masu arahar gaske suna ƙara mitoci kafin su tsaya, kuma 'yan mitocin nan su ne tsakaninka da bayan motar gabanka. Abin da zai taimake ka shi ne takardar da SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, ta wajabta a manna a jikin kowace sabuwar taya. Abu biyu take nunawa, tattalin mai da riƙon jiƙaƙƙen titi, daga "mumtaz", wato maki mafi kyau, zuwa ƙasa. Ka duba ita, ka kuma duba TRACTION a gefen tayar: AA ko A, kada ka sauka ƙasa da haka. Ɗan China mai kyakkyawan maki a takardar nan abin saye ne. Wanda makinsa ke can ƙasa, bar musu kayansu.

Sauran bambance-bambancen ba sa buƙatar dogon bayani. Na babban kamfani galibi sun fi nisan kwana, sun fi shiru a kan gudu, kuma sun fi sauƙin daidaitawa a wurin tarsis, wato daidaita nauyin taya don kada ta girgiza. Ga mai cin kilomita wajen 150 kullum tsakanin Makka da Jidda, nisan kwanan nan kuɗi ne, domin kai zane za ka cinye kafin shekaru su cim ma tayar. Wanda motarsa daga gida sai masallaci sai kasuwa, shekaru ne za su kashe masa taya da zanenta cif, don haka mai tsada asara ce a gare shi. Lambar TREADWEAR tana ba da haske, 400 ta fi 200 daɗewa, amma kowane kamfani shi ke auna nasa, ta fi amfani wajen gwada tayoyin kamfani ɗaya.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. In tsofaffin biyu sun haura shekara huɗu, huɗu sababbi, babu ja. Kafin ka tsaya kan 'yan China ka tambayi farashin Hankook, Kumho, Nexen ko Maxxis, domin sau da yawa suna tsakiya, kuma ga mai doguwar hanya irinka ƙarin ya cancanta ko da za ka jira albashin wata. In kuɗin bai kai ba, ɗauki ɗan China mai sanannen suna, mai A a zafi, mai maki a ruwa. Girman ya zama wanda ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, har da lamba da harafin ƙarshe. A 215/55 R17 94V, misali, 94 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 670, V kuma gudun 240. Kada a sa maka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta, musamman kai da ke loda iyali da kaya da jarkokin zamzam. Ka duba ranar ƙira a kan kowace ɗaya cikin huɗun da idonka kafin a ɗaura, domin ƙa'ida ba ta yarda a sayar da tayar ƙaramar mota da ta wuce wata 24 da ƙerawa ba. Rangwamen da ya yi yawa a kan babban suna sau da yawa tsohon kaya ne da ya daɗe a sito.

Sai iska, kuma don Allah 'yan'uwa a saurara, saboda kuskuren ya yaɗu a cikinmu. Ana cewa in zafi ya shigo a rage iska kada taya ta fashe. Wannan juyin gaskiya ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ta fi lanƙwashewa, ita ce ta fi ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa. Adadin da ya dace yana nan a takardar ƙofar direba, galibin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin a yi tafiya, ko bayan mota ta huta awa uku. In ka tsaya a mahaɗɗa, wato gidan mai, a tsakiyar hanyar Madina ka ga gejin ya ƙaru da uku ko huɗu, haka ya kamata, kada ka bari a sace maka ita. Ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, ka duba aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Naitirojin da ake tallatawa ba laifi, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, ba zai ɗauke maka dubawa ba.

Ranar da za a ɗaura sababbin ka sa a canza bawul, a yi tarsis da mizani, wato saita ƙafafun mota su miƙe, sannan duk kilomita 10,000 a juya na gaba su koma baya, tunda Camry gaba take ci. A cikin ramin zanen akwai wasu ƙananan tudu, in zanen ya yi daidai da su saura milimita 1.6, kuma bai kamata ka jira sai an kai nan ko sai masu fahas, wato masu gwajin lafiyar mota, sun mayar da kai ba. Ka buɗe but ka duba safaya ita ma, ranar ƙirarta da iskarta. In ƙaramar nan ce ta wucin gadi, yawanci 60 take sha, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Allah ya tsare hanya, ya kai ku Madina lafiya ya dawo da ku lafiya.