Wata ukku wurin masu lesin ɗin Turanci na wajen Mabera a Sakkwato

Tun da na gama wata ukku wurin nan abokan aiki ke ta tambayata ko ya ci kuɗinai, to bari in faɗi sau guda kowa ya ji. Ni nas ne, shekara 8 ina aiki, abin da ya kai ni kuwa jarabawar Turanci ta IELTS ce, don hukumar nas-nas ta Ingila, NMC, tana son maki 7 ga saurare da karatu da magana, rubutu kaɗai ne sunka yarda da 6.5. Sunan wurin ba zan kama ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi.

Abin da ya fara burge ni, ba su amshi ko sisi ba sai da sunka gwada ni. Ni ko na shiga da taƙamata, B3 gare ni a Turancin WAEC, kullum da Turanci nake rubuta rahoton marasa lafiya, na ce wanga ai shan ruwa ne. Anka kunna sifika, tambaya 40, kusan minti 30, wallahi kafin in gama rubuta amsa ta huɗu Baturen ya kai ta bakwai. Na ci 19. Malamar da ta duba takardata, wata dattijuwa mai tabarau, ta juyo ta gabana ta ce "Malam duba nan, amsa shidda ka ji su daidai, rubutawa ce ta kashe ka." Wani wuri na bar harafin s na jam'i, wani wuri na ci harafi guda cikin kalma, kuma jarabawar ba ta san tausayi ba, harafi guda ya ɓace maki ya tafi. Ta ce mai neman 7 sai ya kai wajen 30 cikin 40. Ranar ko tuwon dare ban ji daɗinai ba.

Wannan malama ita ce wurin, in ba ita ba ni da ban kai wata ukku ba. Ita ke duba rubutu, kuma ba irin dubawar makaranta ba da malami zai ja layi da jan biro ya sa 12 bisa 20 ka tafi ba ka san laifinka ba. Gida huɗu take yi bayan takarda, ko ka amsa abin da anka tambaya, ko maganarka na bin juna, kalmomin da ka zaɓa, sai nahawu, kowane da makinai daban, yadda masu jarabawar ke yi. Nan na gane nahawuna bai da matsala sosai, ciwona shi ne a tambaye ni gabas in tafi yamma. Rubutun aiki biyu ne, na biyu kalma 250 ne aƙalla kuma makinai ya ninka na farko mai kalma 150, amma ni sai in ƙone rabin awa kan na farko, awa guda ko anka ba mu duka. Akwai wasu dogayen jimlolin buɗe rubutu da munka haddace daga intanet, duk ajin iri guda, ta tara takardunmu ta karanto layin farko na mutum biyar a jere, kowa ya sunkuyar da kai ana dariya. Tun ranar ba wanda ya sake.

Karatu ba ni da abin cewa da yawa, tsoffin tambayoyi ne ake raba muna hotokwafi, wasu har sun dushe, amma sun koya man bambancin "ƙarya ne" da "ba a faɗa ba", wanda da can duk ɗaya nake ɗaukarsu.

To sai gwajin magana, nan ne raina ya ɓaci. Wani saurayi ne ke yi, Turancinai ras ba laifi, amma kamar p da f kaɗai ya zo kamawa. Mun san halinmu mu Hausawa da waɗannan haruffa biyu, ba musu, sai dai ka fara ba da labari kana cikin jimla ya tsai da kai ka maimaita kalma sau ukku, kafin ka dawo zaren maganar ya tsinke. Jarabawar gaskiya minti 11 zuwa 14 ce, kashi na biyu a ba ka kati, minti guda ka shirya, ka yi magana har minti biyu ba mai katse ka, kuma lafazi kashi guda ne cikin huɗu da ake auna. Shi ko makin daga kai yake fiddo shi, wanga sati 5.5 sati mai zuwa 7, ka tambaye shi mi ya canza ya ce "yaya ai ka inganta." Akwai wani Alhaji cikinmu da bai taɓa samun ƙasa da 7 hannunai ba, ban ce komi ba dai.

Sai zafi. Mok, wato jarabawar gwaji, ranar Asabar da rana ake yi, watan Afrilu a Sakkwato, in an ɗauke wuta janareta na bakin taga, fanka na ƙara, sifika guda ɗaya ga mutum ashirin, na baya sai dai su yi ta miƙa wuya. Da mutane sunka yi magiya sai a sake kunnawa, alhali ranar jarabawa sau guda kacal za ka ji. Wannan ba taimako ba ne, makin da ka samu haka ba naka ba ne. Na ce masu su sayi iyafis ko su mai da shi da safe, sunka ce za a duba, har na bar wurin ana dubawa.

Dubu 20 na riƙa biya duk wata. Mok na ƙarshe saurare 31 ba tare da an maimaita ba, rubutu 6, saura rabin maki. Ban yi rajista ba tukuna tunda sakamakon shekara 2 kaɗai yake aiki kuma takarduna ba su kammala ba. Bayan sallah zan koma wurin malama don rubutu kawai, magana ko ni da wani abokin aikina muke yi in muna dutin dare, mu aje waya tana ɗauka, ya ba ni kati ya riƙe agogo.