Firiza mai kwance ko firigo mai tsaye, ga mai son ruwan da ke daskarewa a hannu

Ƙanwata, ki sayi mai kwance. Shi zai ba ki abin nan da kika gani a bidiyo, ruwa yana motsi cikin roba, a buga shi ya koma ƙanƙara nan take.

Nawa ya shekara 6 a zaurena nan Tawa. Wani azumi da ya faɗo cikin zafin Afrilu, na kwantar da robobin ruwa sababbi, rabin lita, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba, na rufe ban sake leƙawa ba. Bayan awa 2 da 'yan mintoci na ɗauko guda, ruwa ne zalla. Ɗana ya dire ta kan tebur da ƙarfi, sai muka ga fari yana saukowa daga wuyanta har gindi. Tsohuwarmu har da salati ta yi. Da shi muka sha ruwa ran nan.

Ba siddabaru ba ne. Ruwa ba ya daskarewa don kawai ya kai digiri 0 a ma'aunin Celsius, sai ƙanƙara ta samu abin da za ta fara kamawa: ƙura, kumfa, ƙarce a jikin roba, ko girgiza. In ba ko ɗaya, sai ya wuce sifiri yana ruwansa. Wani masanin kimiyya mai suna Fahrenheit ya bayyana haka tun 1724, kuma ƙananan ɗigon ruwa cikin gajimare kan kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri ba su daskare ba. Ruwan rijiya da na famfo kuwa ba su cika yi ba, don ba a rasa ƙura ko kumfa a cikinsu.

Mai kwance yana kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Iska mai sanyi nauyi gare ta, in kin ɗaga murfi tana nan ƙasa ba ta zubowa, ko an ɗauke wuta yana riƙe sanyi. Ga fili, kowace roba ta kwanta ba mai taɓa ta.

Mai tsaye kuwa na saye shi na yi da-na-sani: ya iya ajiyar miya, amma kowace buɗe ƙofa sai robobi sun girgiza.

Kada ki sa ran dutsen ƙanƙara. In ruwan ya kai digiri 8 ƙasa da sifiri, kusan kashi 1 cikin 10 ne kawai ke daskarewa, sai ya yi taushi kamar fura mai kauri. Kuma ban da kwalbar gilashi, in kin manta da ita fashewa za ta yi.

Ki yi hattara da masu sayar da na hannu. Wasu kan ɗura wa mai yoyo gas da safe, wasu su zuba ƙanƙarar wani wuri ciki don ki ga sanyi. Ki sa a kwashe komai, a jona shi gabanki, ki saka robar ruwanki, ki dawo bayan la'asar kafin ki ba da ko dala.