Rigar gudu marar hannu da na saya a gwanjo, ga yadda na same ta

Jama'a masu fita gudu da asuba a nan Garwa ta Kamaru, musamman ku da muke haɗuwa wajen filin ƙwallo na Roumdé Adjia, kun ishe ni da tambaya kan 'yar singiletin nan tawa mai ruwan toka, toh ga bayani.

A gwanjo na same ta, babbar kasuwa, sefa 1500 bayan mun sha ciniki da mai kayan. Foliyesta ce zalla, haka aka rubuta a 'yar takardar wuyanta, bayanta kuma duk ƙananan huji ne kamar gidan sauro. Da na ɗaga ta sama ina hango hasken rana ta ciki, na hura iska da baki na ji ta fito a tafin hannuna, nan take na biya.

Gaskiya ta yi. Kun san zafin Maris da Afrilu a garin nan, rana na wuce digiri 40 ba wasa, ko da asuba ma iskar ɗumi gare ta, amma rigar nan gumi bai zama a jikinta, yana bazuwa a saman yadin iska ta kwashe shi, kafin in taka daga fili zuwa gida ta kusa bushewa. Da can rigar auduga nake sawa, ai mu 'yan garin auduga ne, ga kamfanin auduga Sodecoton ga ƙungiyar ƙwallo Coton Sport, sai dai auduga shan ruwa take ta riƙe, ta yi nauyi ta manne a baya, ta dinga gogar hammata da kan nono har wajen ya yi ja, in ka zo wanka ruwa ya taɓa sai ka ji kamar an zuba barkono. Audugarmu ta zaman majalisa ce da yamma, ba ta gudu ba.

Inda ban ji daɗinta ba shi ne wari. Wallahi foliyesta akwai riƙe tsamin gumi, in ka jefa ta a kwando ta kwana ba a wanke ba to ka shiga uku da uwargida. Ina dawowa nake ɗauraye ta da sabulu in shanya a inuwa. Kada ka yarda yara su kai ta wajen mai guga, dutsen gawayi narkar da ita zai yi.

Sai maganar mayon ƙwallo, wato rigar 'yan ƙwallo, da samari ke gudu da shi. Shi ma foliyesta ne, eh, amma jabun da suka cika kasuwa yadinsu kauri gare shi, ga tambarin roba ƙato a ƙirji da lamba a baya, daidai inda ka fi zufa nan aka toshe. Tambarin Nike ko Adidas a gaba kar ya ruɗe ka, kowa na iya bugawa. Juya rigar ciki waje ka shafa ɗinkin hammata, in ka ji shi da kaushi a yatsa ajiye musu abinsu.

Wando kuwa ina sa mai sauƙi wanda ya rufe gwiwa, saboda muna wuce ƙofar masallaci kuma dattawa na zaune. Ƙanwata ita doguwar hannu take sawa mai irin wannan yadin da ɗan hijabi marar nauyi, ta ce zafin bai dame ta ba.

Marar hannu ta asuba ce kawai ko bayan la'asar sakaliya. In hantsi ya yi rana na cin kafaɗa sosai, a lokacin gara mai gajeren hannu da hula. Ina shafa man kaɗanya kaɗan a hammata kafin in fita. Zan ƙara sayen wata in Allah ya yarda, amma fara, kuma wadda ta ɗan fi wannan faɗi don iska ta samu wajen shiga.