Matatar ruwa ko injin gishiri (mai tausasa ruwa) a gidan Kumasi?

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa, damuwarsa yawanci laka ce da warin kulorin. Matata mai kwalba biyu ta wadatar: ta farko mai maikiron 5 (ma'aunin ƙanƙantar ramukanta) ta tare laka, ta gawayi ta kashe wari. A ɗaura ta bayan tanki, a canza ta lakar da zarar ta yi ja ko ruwa ya rage ƙarfi.

Injin gishiri kuwa sai mai bohol wanda sabulunsa ba ya kumfa, butar shayi tana farin ɓawo. Yana cire kalsiyam, sinadarin da ke jawo hakan, amma cin gishiri gare shi, tsatsa kuma tana toshe shi. A kai ruwan gwaji kafin a saya.