Cocin Ingila da Katolika: yadda kowanne ya karɓi masu sauya jinsi

A shekarar 2017 babbar majalisar Cocin Ingila ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da a karɓi masu sauya jinsi hannu bibbiyu. A watan Disambar 2018 bishop-bishop suka fito da yadda za a yi. Ba za a sake yi wa mutum baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, ba, domin ita sau ɗaya ce a rayuwa. Zai tsaya ne gaban jama'a ya sabunta alkawarin baftismarsa, limamin cocin ya kira shi da sabon sunansa, ana iya shafa masa mai ko a yayyafa masa ruwa. Ga wanda danginsa suka ƙi furta wannan suna, jin sa daga bakin limami ba ƙaramin abu ba ne.

Katolika kuwa ta buɗe ƙofa ne ta riƙe mariƙinta. A ƙarshen 2023 fadar Vatican, da amincewar Fafaroma Francis, ta ce ana iya yi musu baftisma, su zama iyayen baftisma, wato masu tsaya wa wanda ake yi wa baftisma, muddin hakan ba zai jawo abin kunya ko ruɗani cikin mabiya ba, kuma babu dokar da ta hana su shaida ɗaurin aure. A watan Afrilun 2024 kuma ta ce tiyatar sauya jinsi barazana ce ga martabar da aka halicci ɗan Adam da ita.

Ni dai sharaɗin ruɗanin nan ne ya fi damuna, domin ya bar makomar mutum a hannun limamin cocin unguwarsu da gunagunin maƙwabta. A Ingila ma ba a tilasta wa limami yin addu'ar sabunta alkawarin ba, sai wanda ya ga dama.