Dalma mai rigar takarda ko mai maiko: duba bindigarka kafin ka saki dalolinka

Duk wanda ya je filin gasar tsofaffin bindigogi a Amurka, irin wanda ke Raton a jihar New Mexico, zai ga ƙauri da farin hayaƙi kamar maharban ƙauyenmu sun fito da bindigar toka. Bambancin dai shi ne waɗannan albarushinsu a cikin kwanson tagulla yake, kuma kusan kowa da hannunsa ya ɗura nasa. Abin wasa ne na ƙasar da doka ta yarda da shi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya zauna a ɗaki yana haɗa harsashi ba, don haka maganar ta 'yan'uwa ce da ke zaune can.

Zaɓi na farko shi ne irin dalmar, wato ƙwayar harsashin da ke fita daga bakin bindiga. Akwai mai tsaga-tsaga a jiki da ake cika wa maiko, akwai kuma sumul wadda ake naɗe wa siririyar takarda zagaye biyu. Mai maiko ta fi sauƙin koyo: ka zuba, ka shafa, ka ɗura, maikon kuma yana tausasa tokar da albarushi ke bari a bututu. Mai takarda ita ce ta gargajiyar harbin nesa. Da ita sojan Ingila ya yi aiki a bindigarsa Martini-Henry tun 1871, da ita kuma aka yi karon harbi na filin Creedmoor a 1874, inda Amurkawa suka ci 'yan Ayalan da maki 934 da 931 a nisan yadi 800 zuwa 1000. Takardar ce ke gogar ƙarfe, dalma ba ta manne wa bututu, tana fita baki kuma rigar ta yayyage ta zube. Kuɗin wannan daɗin shi ne wahala: bayan kowane harbi sai ka goge bututun.

Idan takarda ka zaɓa, to ga inda mutane ke asarar kuɗi. Cikin bututu akwai tudu da kwari na zanen da ke murza dalma. A yawancin bindigogin .45, faɗin tudu zuwa tudu inci .450 ne, kwari zuwa kwari kuma .458. Za ka iya naɗa dalmarka ta kai na farko ko ta kai na biyu, kuma kowanne da mazubinsa, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta fito da siffarta. Wadda aka naɗa daidai tudu, faɗinta kafin a naɗa takarda ba ya wuce inci .442 zuwa .444. Gindinta kaɗai ke shiga kwanso, sauran jikin yana zamewa cikin bututu, bugun albarushi ne ke kumbura ta ta cika kwarin. Haka mutanen zamanin da suka yi, kuma tana bar wa albarushi fili sosai. Wadda aka naɗa daidai kwari kuwa dole ta nutse cikin kwanso, sai dai in an yi wa bindigar dogon maƙogwaro a gaban mazaunin harsashi. Ni dai na fi son ta farko, domin ta fi dacewa da yawancin bindigogin da ake sayarwa yanzu, waɗanda aka yanka mazauninsu don dalma mai maiko.

Na taɓa yin gaggawa na sayi mazubi tun bindiga ba ta iso ba. Da ta zo na naɗa, dalma ta ƙi shiga, na tura da ƙarfi rigar ta tattare kamar hannun riga. Mazubin yana nan a akwati har yau. Ka auna bututunka tukuna, ka sayi takarda, ka auna kaurinta, sannan ka yi odar mazubi. Takarda mai kaurin .002 tana ƙara wajen .008 a zagaye biyu, ko ɗan ƙasa da haka in an naɗa ta a jiƙe ta bushe ta kama. Wasu na neman tsohuwar takardar tafireta ta auduga zalla, wadda yanzu ta yi wuyar samu, da yawa kuma sun koma takardar kwafin zane ta kamfanin Seth Cole. Duk wadda ta yi maka, sayi da yawa lokaci guda, domin canjin takarda canjin awo ne.

Mazubi iri biyu ne: mai tsayayyen tsawo, da wanda ake iya ƙara masa ko ragewa. Na biyun ya fi wa sabon shiga, saboda zai gwada nauyi daban-daban da kuɗin guda ɗaya. Buffalo Arms da ke Idaho suna da irin na takarda kala-kala. Akwai kuma injin matse dalma ba tare da narkarwa ba, irin na Corbin, amma wannan sai wanda abin ya riga ya shiga jininsa. Gaurin da aka fi amfani da shi, kuza kashi 1 cikin dalma 16 zuwa 20.

Sai girman kwanso. Ido yakan tafi kan kwanson da ake kira .45-110 mai tsawon inci 2 da 7/8, don kwarjini. Ka yi haƙuri. Kwansonsa da tsada, yana shan albarushi, yana dukan kafaɗa, tokarsa kuma ta fi yawa. Shi kuwa .45-70, wanda sojan Amurka ya ɗauka a 1873, tsawonsa inci 2.1 ne, kamfanin Starline da wasu suna buga kwansonsa kullum, kuma da dalma daidai tudu yana ɗaukar albarushin da zai kai ragon ƙarfe, gunkin da ake harbi a gasa, ƙasa a mita 500. Mai niyyar yadi 1000 ya duba .45-90. A kowanne, dalma mai nauyin giram 32 zuwa 35 tana son bututun da zanensa ke cika zagaye ɗaya a inci 18 ko ƙasa da haka.

Bindigar kanta, kamfanonin Shiloh da C. Sharps duk a garin Big Timber na Montana suke ƙera samfurin Sharps na 1874. Aiki mai kyau, kuɗi mai yawa, a Shiloh kuma akwai jira. Pedersoli na Italiya ya fi araha kuma yana harbi daidai. In da gasa a ranka, tambayi nauyi, don a harbin gumakan ƙarfe ba a yarda bindiga ta wuce fam 12 da oza 2 ba.

Albarushi kuwa, samfurin Swiss ya fi tsada, 'yan gasa sun fi yabonsa. Schuetzen na Jamus da Goex sun fi sauƙin kuɗi. Awon da za ka ɗura, a littafin masu kayan za ka ɗauko shi, kuma kada a bar sarari tsakanin albarushi da dalma. Kar ka manta da sandar goge bututu da buhun ƙyallaye, su za su fara ƙarewa.