GMFCS ko ICF, wanne ya fi amfani a ɗakin gashin ƙashi?

Masu gashin ƙashi da ke duba yara masu shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa kusan kowa GMFCS yake ɗauka, wato hanyar auna yadda yaro ke iya zama da tafiya, dan gaskiya ba ta cin lokaci. A Kanada aka fitar da ita a 1997, aka faɗaɗa ta a 2007 har zuwa shekara 18. Mataki biyar ne kawai, na ɗaya yaro yana tafiya abinsa, na biyar kuma sai an tura shi a keken guragu, ko kansa ma da ƙyar yake riƙewa. Amma fa motsi kaɗai take kallo, ba ruwanta da magana ko hannu.

ICF kuwa, wato hanyar bayyana lafiya da naƙasar mutum, ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ce, tun 2001, ta yara ta fito 2007. Ita tana tambayar komai, jiki, makaranta, wasa da yara, har matakalar ajin da keke ba ya hawa, sai dai rukunanta sun haura dubu, wa ke da wannan lokacin ranar da layi ya kai bakin ƙofa? Ni dai GMFCS nake bai wa iyaye, ICF kuma in za a tsara komawa makaranta.